Motar da Ke Mutuwa a Tsakiyar Hanya

A makon jiya mun yi magana a wannan fili a kan birki da taya. Yau kuwa ga wata takarda da ta zo mana daga Furfuri, cikin ƙasar Bungudu. Mun ga ya kamata mu buga ta duka, don abin da ya dami mai ita ya dami mutane da yawa waɗanda ba su rubuto ba. Ga abin da ya ce:

"Zuwa ga Edita. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Bayan haka, ina roƙo ka ba ni ɗan fili in kawo kukana, ko Allah ya sa a sami mai ba ni shawara.

"Ni falke ne. Ina da wata tsohuwar bas mai shan fetur, injekta, ƙirar 1993, 'yar Kwatano, wadda na saya shekara 6 ke nan. An ce can Turai ɗakin matafiya ce, don da ta zo har da gado da murhu da ɗan firji a cikinta. Na sa aka cire murhun da sauran tarkace, na bar gadon. Ina ɗaukar hatsi da kayan tireda tsakanin Gusau da Bungudu da Tsafe, inda dare ya yi mini in kwana a cikinta a tasha.

"Tun da bazarar bana ta kama sai ta tsiro da wani hali. Da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi tafiyarta lafiya lau. Amma da rana ta take, in na yi tafiyar kamar rabin sa'a da lodi, sai ta fara fizga kamar mai shaƙuwa, in na taka totur ta ƙi amsawa, sa'an nan ta mutu. In na jira kamar minti 20 ta tashi kamar ba ita ba. Na kai ta gareji uku. Na fari ya canja fulogi. Na biyu ya canja kwayil da wayoyinsa. Na uku ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta lalace, ko in sayi wata, ko kuwa a cire injektar a sa mata kafireta in huta. Abin da na kashe ya kusa cinye ribar kaka.

"Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ran nan ta mutu mini tsakanin Tsafe da Kwatarkwashi, magariba ta kawo jiki, ga ƙanena ga yaron mota a ciki. Ba sai na gaya maka abin da ke zuwa zuciyar mutum a wannan hanya a irin wannan lokaci ba. Allah ya kiyaye, ta tashi. Amma tun ran nan uwargidana ta tsaya kai da fata sai in sayar da ita. To, in na sayar, da me zan ci da iyali? In kuwa na riƙe, yaya zan yi? Haza wassalam. Naka, Falke, Furfuri."

To, Malam, mun ji kukanka, muna kuma taya ka godiya ga Allah da ya fisshe ku. Ba mu ga motar da idonmu ba, saboda haka ba za mu rantse maka cewa ga ainihin ciwonta ba. Amma ka yi bayani irin na mai lura, bayanin nan kuwa ya isa a san inda za a fara nema. Abin da muke so ka riƙe, kai da sauran masu karatu, shi ne: mota ba ta mutuwa sai ta faɗi dalili, kuma yadda ta mutu shi ne maganarta. Wanda ya ƙi saurare ya hau canja kaya a kan zato, ya bar jaki yana dukan taiki.

Bari mu fara da bambancin injekta da kafireta, don nan ne ruɗu ya samo asali. Kowane injin fetur abu uku yake bukata: mai, da iska, da wuta. Sai an gauraya iska da mai bisa ƙa'ida, watau iska kashi 14.7 ga mai kashi 1 in an auna nauyinsu, sa'an nan fulogi ya kunna su a daidai lokaci. A kafireta, iskar da injin ke zuƙa ita ke jawo man da kanta, famfon mai ba shi da wani aiki sai ya cika mata ɗan ƙoƙonta. A injekta kuwa famfo mai aiki da lantarki ne ke tura man da ƙarfi zuwa nozul, wata 'yar na'ura kuma, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa, ita ke umartar nozul ya buɗe ya fesa gwargwadon bukata. Ita ƙwaƙwalwar nan ba ta gani, ba ta ji. Tana da 'yan rahoto da ake kira sensa, ɗaya na gaya mata yawan iskar da ta shiga, ɗaya zafin ruwan injin, ɗaya jujjuyawar injin. In ɗan rahoto ya yi ƙarya, sarki ya yanke hukuncin banza, laifin kuwa ba na sarki ba ne.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da injekta mai aiki da lantarki cikin 1967, aka sa ta a wata ƙaramar Volkswagen. Dokar rage hayaƙi da ƙasashen Turai suka kafa cikin 1992 ita ta ƙarasa kafireta a can. Mu kuwa a nan, tun da aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975, manyan kanikawanmu a kan kafiretar 504 suka koyi aiki, suka kuma ƙware ƙwarai. Don haka in ka ji tsohon bakanike ya ce a koma kafireta, ba mugunta ce ta sa shi ba, abin da hannunsa ya saba yake faɗi. Motarka dai ta girmi Jihar Zamfara da shekara 3, don ita jihar cikin 1996 aka yi ta. Abin da ya kai shekara 30 yana aiki, ba abin mamaki ba ne in ƙananan kayansa sun gaji alhali babban injinsa na nan garau.

Yanzu sai mu saurari yadda motoci ke mutuwa. Iri uku ne. Akwai wadda ke fara tari da fizga, ƙarfinta na raguwa sannu a hankali kafin ta mutu. Wannan yawanci yunwa ce, mai ne ba ya isa. Akwai wadda ke cikin gudu lafiya sai ta ɗauke farat ɗaya kamar an murɗe makulli. Wannan yawanci wuta ce ta yanke. Akwai kuma wadda ba ta mutuwa a guje, sai an saki totur ko an taka birki za a tsaya. Wannan ba ta da sulo, ciwonta kuwa yawanci wajen iska yake. Taka, Malam, bisa ga abin da ka rubuta, irin ta fari ce. Fulogi da kwayil da aka canja maka duk na gefen wuta ne. Ka ga an yi ta ba mai jin yunwa maganin ciwon kai.

To, me zai sa mota ta ƙoshi da safe ta ji yunwa da rana? Abin da muka fi zato shi ne famfon mai ya tsufa. Tsohon famfo yana iya aiki sa'ad da yake sanyi, in ya yi zafi ƙarfinsa ya faɗi, in ya huce ya dawo. Minti 20 ɗin da kake jira lokacin hucewarsa ke nan. Ga wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba: fetur ɗin da famfo ke turawa shi ne ke sanyaya shi. A irin waɗannan tsofaffin motoci, famfo na tura mai fiye da abin da injin ke sha, ragowar ta zagaya ta kan injin mai zafi ta komo tanki. In tanki cike yake, ba komai, ɗumin ya ɓace cikin yawa. In kuwa lita 5 ce kaɗai a ciki, ita za ta yi ta zagayawa tana ƙara zafi, ga rana ta Afrilu wadda kan wuce digiri 40 a Gusau, ga kwalta na turiri daga ƙasa. Tun daga ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ya haura haka. Direbobi da yawa suka koma shan mai na tafiya ɗaya ɗaya, allura kullum a kwance. Mun san halin da ake ciki, ba zargi muke yi ba. Amma ku lura, mai riƙe tankinsa a rabi da mai riƙe shi a gindi, man da za su ƙona a tafiya ɗaya daidai yake. Cikawar farko ce kaɗai ke da wuya.

Saboda haka gwajin farko ba ya bukatar sifana. Ka cika tanki, ka yi irin tafiyar da ta saba mutuwa. In ta daɗe ba ta mutu ba, ko ta daina ɗungum, ka kama bakin zaren. Gwaji na biyu ma kyauta ne. Da zarar ta mutu, ka sauka ka kwance murfin tanki a hankali. In ka ji iska ta zuƙa ciki da ƙarfi, motar kuma ta tashi nan take, to, hanyar numfashin tanki ce ta toshe, famfo na ja tanki na riƙewa, kamar mai shan ruwa a gorar da aka toshe bakinta. Gwaji na uku, a sa yaro ya kasa kunne kusa da tanki, kai kuma ka murɗa makulli ba tare da ka buga ba. A yawancin motoci za a ji famfo ya yi gurnani kamar daƙiƙa 2 ya yi shiru. In da safe ana jinsa, bayan ta mutu ba a ji, ko ana jin yana kuka mai tsini, ya tona asirin kansa.

Kafin ka sayi famfo, a duba matacin mai. Guda biyu ne, ɗan raga a bakin famfo, da babba a kan hanyar mai. Motocin kwana irin taka a Turai sukan yi wata da watanni a ajiye, sai lokacin hutu a tashe su, tankin da ke zaune ba mai kuwa tsatsa yake yi. Ga shi nan gida mun ƙara masa da man 'yan bumburutu, wanda ke kwana a jarka da galan, ƙura da ruwa na shiga. Ko man gidan mai ma ba kullum yake tsira ba. Masu karatu za su tuna cikin Fabrairu 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam mai yawan sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, har hukuma ta janye shi daga kasuwa, bayan motoci sun lalace a Legas da Abuja. Dattin tanki yakan taru a kan ragar nan sa'ad da famfo ke ja, in mota ta tsaya ya zube ƙasa, sai ta sake tashi. Ka ga wannan ma ya yi daidai da halin motarka. A cire babban matacin a zazzage shi a farin kwano. In ka ga jan ruwa ko baƙin gari, a sauke tanki a wanke, a sa sabon mataci. In ba a wanke tankin ba, sabon famfon ma ba zai yi tsawon rai ba.

Abin da zai raba gardama shi ne awo. Akwai geji na auna ƙarfin mai. Injekta mai nozul ɗaya ɗaya ga kowane fistin takan bukaci kamar ba 2.5 zuwa 3, watau ya fi ƙarfin iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota. Mai nozul guda a sama kuwa wajen ba 1 take bukata. Don haka in bakanike ya zare tiyo ya nuna maka mai na zuba ya ce famfo lafiya, kada ka yarda, zuba dabam ƙarfi dabam. Kuma ciwon da ba ya tashi sai da rana, ba a nemansa da safe. Garejin nan uku da ka je, muna zaton duk da sanyin safiya suka gan ta, lokacin da ta fi kowa lafiya. Ka yi mata lodi, ka ɗauki bakanike da gejinsa, ku yi ta zagaye cikin garin Gusau da tsakar rana har ta mutu a inda babu tsoro, nan take a auna. In allurar geji ta faɗi kafin mutuwar, mai ne. In allura na tsaye, a ɗauki wani fulogi a gwada wuta. Amma a yi hattara ƙwarai, kada a gwada wuta kusa da inda fetur ya zuba, kada kuma a kwance tiyon mai a kan injin mai zafi ba a nannaɗe shi da tsumma ba.

Ga masu motar da ke ɗaukewa farat ɗaya, su ga inda za su nema. Akwai ɗan akwati kamar na ashana da ake kira rile, shi ke ba famfo da ƙwaƙwalwa wuta. In ya tsufa, dalmar cikinsa kan tsage, zafi ya buɗe tsagar, sanyi ya rufe ta. Kuɗinsa kaɗan ne, ya kamata kowane direba ya ajiye ɗaya da fiyus a aljihun mota. Kai ma, Malam, a gwada maka shi kafin a taɓa famfo. Akwai sensa mai lura da jujjuyawar injin, a wasu motoci cikin distirbita take, a wasu kusa da gindin injin. Ita ma zafi kan kashe ta, in ta yi shiru kuwa ƙwaƙwalwa ta ɗauka injin a tsaye yake, ta yanke wuta da mai gaba ɗaya. Akwai kuma kan batir da wayar da ta haɗa batir da jikin mota da injin, in sun yi tsatsa ko sun saki, kowane gargada ya isa ya kashe mota. Mai riwaya ya auna batir, a tsaye wajen bolt 12.6, injin na aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Mun kuma lura ka ce an cire murhu da firji. Irin waɗannan motoci suna zuwa da batir na biyu da wayoyin fitilun ɗaki. In an yanke su an bar bakinsu tsirara a bayan allo, to, a bi su ɗaya ɗaya a rufe, don ban da kashe mota suna iya tada gobara, kai kuwa a ciki kake kwana.

Masu motar da ba ta da sulo su kuma su tuna da hunturu. Ƙurar da ta shiga hancinka ta shiga hancin motarka. A duba matacin iska, a wanke maƙogwaron totur da ɗan bawul mai riƙe sulo, a lanƙwasa babban tiyon roba da ke kai iska a ga ko ya tsage a ƙasa, don iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba, ba za ta ba ta mai ba. Sa'an nan akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejinmu, ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye don wai ƙasarmu da zafi. A injekta wannan ɓarna ce. Injin an yi shi ya yi aiki tsakanin digiri 80 da 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwa na tsammanin har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, aljihu ya yi fari. Sensar zafin ruwa ma ana auna ta. Irin ta Bosch takan nuna wajen om 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80.

Batun ƙwaƙwalwa kuwa, labudda takan lalace, musamman in ruwa ya shige ta ko an juya kan batir. Amma ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma, don ita ta fi tsada, kuma ita ta fi sauran daɗewa. Kada a ce maka sai kwamfuta ta faɗi. Soket ɗin da na'urorin gwaji na yanzu ke shiga, Amurka ta wajabta shi cikin 1996, Turai kuwa sai 2001 ga motocin fetur, motar 1993 ba lalle ta yi magana da su ba. Geji da mita da kunne sun ishe ta. Komawa kafireta kuwa ba mu ba ka shawara ba. Sai an canja wuyan injin, sai an canja famfo ko an rage ƙarfinsa, don kafireta ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin famfon irin taka, in an yi sakaci mai ya yi ambaliya a kan injin mai zafi. Bayan haka sau da yawa shan mai ƙaruwa yake yi. In kuwa ciwon tsatsar tanki ne, zai bi kafiretar har gida. Kada garin neman gira a rasa ido.

Saura maganar uwargida. Tana da gaskiya a kan abu ɗaya: motar da ke mutuwa ba ta da hurumin hawa hanyar Tsafe, ko da rana balle da yamma, sai ta warke. Warkewa kuwa ba ita ce ta tashi a gareji ba. Sai ta yi kwana uku tana ɗaukar lodi da tsakar rana a cikin gari ba ta yi tari ba. Kada ka ce za ka riƙa ɗaukar jarkar mai don ko ta kwana. Ka tuna cikin Satumba 2021 gwamnatin Zamfara ta hana sayar da mai a jarka saboda tsaro, aka kuma rufe layukan waya. Man da za ka ɗauka, ɗauke shi a tanki. Ka fita da sassafe, ka lissafa komowarka kafin la'asar sakaliya, ka bi ayarin 'yan'uwanka direbobi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma batun sayarwa, muna roƙonta ta yi haƙuri tukuna. A fara gwada cika tanki, da murfi, da rile, da mataci, da awo. In ka sayar da ita a yadda take, ko dai ka faɗi aibinta a taya maka kuɗin ƙarfe, ko ka ɓoye ka miƙa wa wani bawan Allah abin da zai tsaya da shi a dajin da ya tsaya da kai, wannan kuwa mun san ba za ka so ba.

In ka gwada, Malam, ka rubuto mana abin da geji ya nuna, ko mun dace ko mun kuskure, za mu buga don kowa ya ƙaru. Kanikawan Gusau da Tsafe da Bungudu da suka ga gyara a maganarmu, fili nasu ne. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan lagireto da zafin injin. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.